Mai Aski a Lambun Ƙaninsa

Shekara arba'in da ɗaya Mai Aski ya yi yana zaunar da mutane a kujera ɗaya yana cika su da surutu. Shagonsa ɗan ɗaki ne a bakin titi, tsakanin mai gyaran rediyo da wani shago da ke canza sana'a duk shekara. A ciki akwai babban madubi mai tsaga a kusurwar hagu, da benci na mutum huɗu, da kujerar aski ta ƙarfe mai jar fata, wadda ke juyawa duk inda aka so. A gefenta akwai wani ɗan ƙarfe, in aka taka shi sai ta tsaya cak. Tun yana saurayi ya saye ta a hannun wani tsoho, kuma yana shafa mata mai fiye da yadda yake shafa wa ƙafafunsa.

Askinsa ba laifi, amma surutun ne ya tara masa jama'a. Tun da wuri ya gano cewa mutumin da aka ɗaure wa tawul a wuya, aka ɗora masa reza a maƙogwaro, ba ya katse magana. Da wannan ilimin ya rayu. Ya san wanda ya sayi mota da wanda ya are ta, ya san matar da ta yi yaji da wadda ta tafi ganin gida kawai. Akwai wani direba mai sanƙo da ke zuwa duk mako biyu. Da ya zauna sai Mai Aski ya leƙa kansa ya ce, "Yau ma sai an yi cigiya. Ku da ke benci, wa ya ga gashin bawan Allah?"

A aji huɗu ya bar makaranta, shekarar da mahaifinsu ya rasu, domin ƙaninsa ya ci gaba. Ƙanin ya ci gaba kuwa. Ya yi karatu, ya samu aikin kula da sito a wani kamfani mai sayar da takin zamani da maganin ƙwari, ya yi shekara ashirin da takwas yana fitar da buhuna da jarkoki yana sa hannu. Su biyun suna zaune a gidan da suka gada, kowa da ɓangarensa, da dogon fili a baya wanda ba a yin komai da shi sai shanya. Matar Mai Aski ta rasu ta bar masa 'ya ɗaya, mai sunan mahaifiyarsu, don haka shi da ƙanin duk Mamana suke ce mata. Ta girma, ta yi aure a wani gari mai nisa. Matar ƙanin kuwa, tun ranar da ta shigo gidan Mai Aski yake ce mata Amarya, har ta yi furfura bai sauya ba.

Mako ɗaya da yin ritaya, ƙanin ya tara mutanen gida ya sanar da su cewa duk abin da ya yi shekara ashirin da takwas yana fitarwa daga sito guba ne. Bai ce zai nemi gafarar kowa ba. Abin da ya ce shi ne daga yau guba ba za ta ƙara shiga cikinsa ba. Ya kwance igiyoyin shanya, ya haƙe filin baya, ya yi fangali huɗu: latas, tumatir, karas da kabeji, sai alayyahu. A gindin katanga ya tara tsibin taki, kashin kaji da ɓawon ayaba da toka da ganyen shayin da aka sha. Ƙwari kuwa, ruwan tafarnuwa da barkono yake fesa musu. Duk wanda ya shigo sai ya tsinko masa ganye ya ce, "Ci, ba guba." Kafin wata uku sunan ya bi shi, har mai kawo takardar wuta Ba-Guba yake tambaya.

Lambun ya yi kyau, wannan ba a musu. Matsalarsa ɗaya ce, tsuntsaye. Tattabarun maƙwabci, da kurciyoyi, da waɗansu ƙanana masu zuwa garke guda, duk sun yarda da shi cewa latas ɗin ba guba. Kashe su bai taso ba, domin Ba-Guba mutum ne mai tausayin halitta. Raga kuwa ta roba ce, roba kuma guba ce. Ya kafa mutum-mutumi da tsohuwar rigarsa ta aiki, kwana uku tattabaru suka mai da shi wurin hutawa. Ya rataya tsofaffin faya-fayen sidi, suka riƙa duba fuskarsu a ciki. A ƙarshe aikin ya faɗa kan Amarya. Tana tsaka da girki sai ya ƙwala kira daga taga, ta fito a guje da murafun tukunya biyu tana bugawa. A rana takan fito sau ashirin. Abinci ya riƙa ƙonewa, shi kuma ya riƙa mamakin yadda mace za ta manta girki bayan shekara talatin.

A shekara ta biyu ta lambun ne Mai Aski ya faɗi. A shago abin ya same shi, a tsakiyar aski, a tsakiyar labari. Har yau akwai masu jin haushin ba su ji ƙarshen labarin ba. Ya yi mako uku a asibiti, ya fito ɓarin damansa a shanye, bakinsa a karkace. Maganar ba ta tafi duka ba, amma tana fitowa kamar ta mutumin da ya cika baki da ruwa. Rubutu kuwa dama bai wuce sunansa ba, shi ma da hannun da ya mutu yake yi. Mamana ta zo ta yi kwana goma, ta yi kuka, ta koma wurin aikinta. Amarya ce ke ba shi abinci tana goge masa baki, don haka ita kaɗai ta koyi sabon harshensa. Cikin wata biyu babu abin da zai faɗa ba ta gane ba, har barkwancinsa. Wani lokaci a kan ji ta tana dariya ita kaɗai a ɗakinsa, mijin ya leƙo ya ce, "Me ya ce?" Ta ce, "Ba komai, Malam. Gaisuwa ce."

Wata safiya ta turo shi waje a keken guragu domin ta share ɗaki ta shanya katifa. Ta ajiye shi kusa da fangalin latas. Ƙudajen tsibin taki suka dame shi, ya wuni yana kaɗa hannun hagu yana tari. Da yamma Ba-Guba ya zaga lambu kamar kullum, ya tarar ko ganye ɗaya ba a tsaga ba. Ya tsaya ya dubi latas, ya dubi yayansa, ya sake duban latas. Mutum ne mai lura. Shekara ashirin da takwas ko ƙusa ba ta ɓace masa a sito ba.

Bayan kwana huɗu aka sauke kujerar aski daga bayan wata a-kori-kura. Da Mai Aski ya gan ta sai hawaye suka zubo masa ta ido ɗaya. Ya kama hannun ƙaninsa ya yi wata doguwar magana.

"Me ya ce?"

"Ya ce Allah ya yi maka albarka," in ji Amarya. "Ya ce bai zaci za ka tuna da ita ba."

"Haba Yaya," in ji Ba-Guba. "In ban tuna da kai ba, wa zan tuna?"

Ya sa aka zuba siminti a daidai tsakiyar fangalin huɗu, aka dasa kujerar a kai. Daga kowane fangali ya ja igiya mai ɗauke da gwangwanayen madara da tsakuwa a ciki, ya haɗa bakin igiyoyin ya ɗaure a hannun kujera na hagu. Ya zauna da kansa ya gwada. In mutum ya tura ƙasa da ƙafar hagu, kujerar za ta juya ta fuskanci kowane fangali. In ya ja igiya, gwangwanaye za su yi kuka. Ya ce likita ma ya ce a riƙa motsa jiki, ga kuma iska, ga rana, ga koren ganye mai wanke ido. A ƙasashen da suka ci gaba, in ji shi, sai mai hali ake kai wa irin wannan wuri.

Ranar farko Mai Aski ya ja igiya da marmari, har yana yi wa tattabaru tsiya, Amarya na fassarawa daga tagar kicin. A mako na biyu ya ce rana ta yi yawa, a kafa masa laima. Ba-Guba ya auna da ido ya ga inuwar laima za ta faɗa kan tumatir daga ƙarfe goma zuwa biyu, tumatir kuwa ba ya son inuwa. Ya kawo masa hula mai faɗi. A mako na uku ya ce a mai da shi ɗakinsa da tsakar rana. Aka yi masa bayani cewa da tsakar rana ne kurciyoyi ke zuwa. Ban da haka, ɗakin nasa yana da babbar taga mai kallon gabas, kuma babu inda ya fi ta dacewa da renon iri. An riga an jera kwanukan dashe a kan gadonsa. Shi an mai da shimfiɗarsa ɗan ɗakin da ke jikin kicin, inda ake ajiye fartanya da shebur.

"Ai barci kawai kake yi a ciki, Yaya," in ji ƙanin. "Mai barci ina ruwansa da taga?"

Daga bakwai na safe zuwa faɗuwar rana, nan ne wurin aikinsa. Da yake ɗaga shi zuwa bayan gida sai mutum biyu, sai aka ajiye masa jarka a ƙarƙashin kujera. Ba a daɗe ba Ba-Guba ya karanta cewa abin da ke cikin jarkar, in aka sirka shi da ruwa kashi goma, babu takin da ya fi shi ga tumatir. Daga ranar ya daina yi wa Amarya faɗa in ta ba Yaya ruwa da yawa. Ƙwayoyin hawan jini kuwa ya tattara ya kulle a akwati, ya maye gurbinsu da tafarnuwa uku kowace safiya. A gidan nan ba a zubar da komai, kuma ba a shan guba.

Abin da ya fi ci wa Mai Aski rai shi ne askin. Duk ƙarshen wata ƙanin yakan zo da almakashin da yake datse tumatir, ya ɗaura masa buhu a wuya, ya sassabe masa kai, ya tattara gashin ya kai tsibin taki. Kan yakan fito tudu da kwari. Mai Aski yakan shafa da hannun hagu, ya rufe ido.

"Me ya ce?"

"Ya ce ka bar wani a bayan kunne."

Ba haka ya ce ba. Abin da ya ce ya shafi ƙanin da almakashinsa da ranar da aka haife shi. Amma Amarya ta daɗe da gane cewa mai fassara shi ma yana da fatar da zai kare.

Tsofaffin abokan shago sun zo dubiya sau biyu. Direba mai sanƙo ya tsaya ya riƙe ƙugu ya ce, "Kai, mutumina, ka shige aljanna ka bar mu a titi!" Mai Aski ya yi ta magana, jijiyar wuyansa na tashi. Suka yi ta gyaɗa kai suna cewa, "Haka ne, haka ne, sai haƙuri." Shekara arba'in suna sauraronsa ba su da damar tashi. Yanzu suna da ita, kuma minti goma ya ishe su. Kowa ya tafi da ƙunshin latas, yana yaba ƙanin da ya riƙe zumunci a wannan zamani.

A wata na biyar Mai Aski ya yi yajin aiki. Ya ɗora hannunsa a cinya, ya zuba wa tattabaru ido suka sauka, suka ci, suka ƙoshi, suka kira 'yan uwansu. Kafin la'asar fangalin latas ya koma kamar kan da ƙanin ya aske. Ba-Guba bai ɗaga murya ba. Bai taɓa zagin yayansa ba, kuma yana alfahari da haka. Washegari ya ce da alama koren ganye ya gaji da idon Yaya, yana bukatar canji. Ya juya kujerar ta fuskanci katanga, daidai tsibin taki, taku uku tsakani, ya taka ƙarfen gefe ta tsaya cak. Ƙarfen yana ɓangaren dama. Kwana biyu Mai Aski ya yi yana kallon ɓawon ayaba na ruɓewa, ƙudaje na shiga ta gefen bakin da ba ya rufuwa. A rana ta uku da aka saki kujerar, tun kafin tsuntsu ya sauka aka ji kukan gwangwani.

Ba a daɗe ba zazzaɓi ya kwantar da shi kwana uku. Latas kuwa bai san zazzaɓi ba. Ba-Guba ya ce wa matarsa, tunda kujera na nan, ga igiya a ɗaure, ai babu dalilin guje-guje da murfin tukunya. Ta riƙa yin girkinta da asuba, in ji shi, ta zo ta zauna. Ta zauna. A kwana ukun nan ta san abubuwan da ba ta sani ba daga tagar kicin. Ta san yadda ƙarfen kujerar ke zafi da ƙarfe biyu, har ba a iya ɗora hannu. Ta san iska tana juyowa daga tsibin taki da la'asar. Ta san cewa in mutum ya yi awa shida yana jiran tsuntsu, sai ya fara jin kansa ba mutum ba. A daren na ukun ta dafa wa Yaya ruwan zafi ta gasa masa jiki, da safe ta ce wa mijinta ai ya warke sarai.

Sai ga waya daga Mamana. Ta ce za ta zo ƙarshen wata, kuma ta yi magana da mijinta: sun kwashe kayan ɗakin baƙi, in Baba yana so, za ta tafi da shi.

Mai Aski ya ji, domin a lambu aka ɗaga wayar. Tun daga ranar ya fara shiri. Kalma huɗu yake so ya faɗa da bakinsa, ba tare da mai fassara ba: Mamana, tafi da ni. Yakan maimaita su ga kabeji, ya juya ya maimaita ga karas. In Amarya ta kawo abinci sai ya gwada a kanta.

"Ya fito?"

"Saura kaɗan, Yaya. Mamana ɗin ta fito. Tafi ɗin ce ke maƙalewa."

"In ta maƙale, ke ki faɗa mata."

"Zan faɗa."

"Amarya. Ki rantse."

"Haba Yaya, sai na rantse? Buɗe bakin, abincin na hucewa."

Ana jibi za ta zo, Ba-Guba ya jiƙa sabon iri, ya dasa latas fangali biyu. Da suke cin abinci ya ce wa matarsa, cikin natsuwa, shi ba zai hana 'ya ɗaukar ubanta ba, hakkinta ne. Allah ya sa dai an riga an ga cewa aikin bai fi ƙarfin mace ba.

Ranar zuwan, tun da safe ya kwance igiyoyin ya naɗe, ya ɓoye gwangwanaye da jarka a bayan tsibin taki, ya rufe tsibin da busasshiyar ciyawa. Ya aro babbar laima ya kafa, tumatir ya haƙura da rana na yini ɗaya. Ya fito da tebur da kujerun roba, duk da cewa roba guba ce, ya jera kofuna da jug na ruwan karas. Aka sa wa Mai Aski farar riga, aka rufe askin da sabuwar hula.

Mamana ta shigo ta tsaya turus. Rabonta da gidan wata goma sha huɗu. Ta bar uba kwance a ɗaki mai warin magani, ta dawo ta same shi zaune a kujerarsa ta aski, a inuwa, kore ta ko'ina.

"Baffa! Wannan duk kai ka yi?"

"Ni da Yaya," in ji Ba-Guba. "Shi ne mai gadinmu. Zauna, Mamana, sha wannan. Ba guba."

Ta durƙusa gaban uban ta riƙe hannunsa. Ta ce ya yi baƙi, amma hannun nan ya yi ƙarfi, har ya fi nata. Baffan ya ce motsa jiki ne. Suka yi hira, ta ba da labarin yara, da aikinta, da benen da suke zaune a hawa na huɗu, wanda na'urar hawansa ta lalace tun bara. Ta ambaci hawa na huɗun sau biyu. Sannan ta ja numfashi, ta yi abin da ya kawo ta, domin 'ya ce ta gari.

"Baba, ɗaki na nan na gyara. Kana so mu tafi, ko ka fi son nan ɗin? Duk wanda ka ce."

Tambaya ce da ba a amsa ta da ka. Mai Aski ya buɗe baki. Mako uku yana shiri, amma bai yi shiri da kuka ba, kukan kuwa ya riga kalmomin fitowa. Mamana ɗin ma ba ta fito ba. Abin da ya fito wani dogon sauti ne mai rawa, da yawu. Ya sake gwadawa, ya fi na farko lalacewa. Ya damƙe wuyan hannunta har ta ce wash. Sai ya juya ido ga Amarya.

"Inna, me ya ce?"

Amarya na tsaye da jug a hannu. Ta ji abin da ya ce sarai, har da abin da ya ƙara a kai, wato ko a ƙarƙashin matakala ne a ajiye shi. Ba ta dubi mijinta ba, shi ma bai dube ta ba, yana gyara wata sandar tumatir. Abin da ta duba shi ne hannun kujerar na hagu, inda igiya ta cinye fenti ta bar zobe mai sheƙi.

"Ya ce ki bar shi a nan," in ji ta. "Ya ce iskar ta karɓe shi. Wai ina shi ina bene."

Mai Aski ya yi wata ƙara da ta tashi kurciyoyi daga katangar maƙwabci. Ya shiga girgiza kai da duk ƙarfin da wuyansa ya bari.

"To Baba, to, na ji, ba za a tafi da kai ba," in ji Mamana, tana share masa fuska da gefen mayafinta. "Kwantar da hankalinka. Wallahi babu mai raba ka da gidanka."

"Haka yake in an taɓo zancen tafiya," in ji Ba-Guba. "Kukan kuma na ciwon ne, likita ya faɗa mana. Ko daɗi suka ji sai su yi."

A daidai lokacin wata tattabara ta sauka a bakin fangalin latas. Hannun hagun Mai Aski ya saki 'yarsa, ya kai kan hannun kujera, ya fizgi igiyar da ba ta nan, sau biyu. Shi kansa ya bi hannun da kallo.

"Kin gani?" in ji baffan. "Da ko cokali ba ya ɗagawa."

Mamana ta yi kuka ta yi godiya. Ta ɗauki hotonsa a cikin ganye domin ta nuna wa yara. Ta rungume Amarya ta ce, "Inna, ba ni da bakin gode miki. Ke ce bakinsa, ke ce hannunsa." Da la'asar ta tafi da jaka biyu ta kayan lambu, kuma duk wanda ya ga tafiyarta zuwa mota zai ce ta fi sauƙin ɗaga ƙafa fiye da lokacin da ta shigo. Kafin ƙurar motar ta kwanta an naɗe laima an mayar wa mai ita.

Da Amarya ta kawo abincin yamma ta tsaya tana jiran abin da zai ce. Ta shirya wa zagi, har ta shirya yadda za ta fassara shi. Ya buɗe baki, ta zuba, ya haɗiye. Washegari ma haka. Mutumin da ya yi shekara arba'in da ɗaya ba a samu wanda ya rufe masa baki ba, wanda ko shanyewar jiki ba ta rufe shi ba, daga ranar bai ƙara furta kalma ba. Ba-Guba ya ce hankalinsa ne ya kwanta, dama zaman lambu yana sa natsuwa.

Tun daga lokacin babu majinyacin da ake kula da shi kamar Mai Aski a duk unguwar. Amarya ta nemo makullin akwati ta ciro ƙwayoyin hawan jini, tana niƙa su a cikin abincinsa ba da sanin mijinta ba, in sun ƙare ta sayo wasu. Ta ɗinka wa kujerar matashi, ta naɗe ƙarfen hannu da tsumma don kada ya ƙone shi. Ta rage masa gishiri. In ya yi tari sau ɗaya, sai ta bar tukunya a wuta ta fito a guje ta taɓa goshinsa. In hadari ya taso, ita ce ta farko da ke rufe shi da bargo, kafin a jira a ga ko ruwan zai sauka da gaske. A kowace salla tana roƙa masa tsawon rai, kuma babu wanda ya taɓa roƙon abu da zuciya ɗaya kamar yadda take roƙon wannan. Matan unguwa in suna yi wa surukansu faɗa, da ita suke ba da misali.

Wata shida bayan zuwan Mamana suka kai shi asibiti a duba shi. Likitan ya auna jini, ya saurari ƙirji, ya sake aunawa, ya cire tabarau. Ya ce bai san abin da suke yi masa a gida ba, amma kada su fasa. Zuciyarsa kamar ta ɗan shekara arba'in. In aka ci gaba a haka, babu abin da zai hana shi ƙara shekara ashirin.

"Tafarnuwa ce," in ji Ba-Guba.

"Alhamdu lillahi," in ji Amarya, har da hawayenta.

Mai Aski yana kallon silin. Suka yi sauri suka koma gida, domin an bar lambu ba kowa tun ƙarfe tara.